Darasi na 6: Katin Awo da Lafiyar Mai Juna Biyu

'Yar uwa, ɗauko katin awonki ki ajiye a gabanki. Idan ba ki fara zuwa awo ba, ki fara kafin cikin ya cika mako 12, wato wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau takwas kafin haihuwa. A nan Legas, ko kina Agege, ko Idi-Araba, ko Alaba Rago, akwai ƙaramin asibitin gwamnati kusa da ke.

Karanta ranar komawa

A nan mata suka fi tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Nas za ta rubuta lambobi kamar haka: 07/09. Lambar farko rana ce. Ta biyu wata ce. Ɗora yatsanki a kan 07 ki ce "rana ta bakwai". Matsa zuwa 09 ki ce "wata na tara". Wata na tara Satumba ne, na kalandar Boko. Ba watan azumi ake nufi ba, ko da yake shi ma na tara ne a lissafinmu.

Sake gwadawa: 12/03. Rana tukuna, sannan wata: 12 ga Maris. Idan kin juya su za ki ce 3 ga Disamba, lokacin kuwa kin daɗe da haihuwa. Ba komai idan kin yi kuskure, da koyo akan iya. Sake ɗora yatsa. Hagu rana, dama wata. Faɗa da ƙarfi sau uku, ki kwafa a littafinki.

Amma masu cusa kati a ƙasan akwati su ce sun manta, wannan sakaci ne. Kunyar tambayar nas ba ta da amfani. Kafin ki bar gabanta ki karanta mata ranar da bakinki, ta tabbatar miki.

Lambobin awon jini

Su ma biyu ne, amma ba kwanan wata ba ne. Idan kin ga 140/90 ko fiye, jini ya hau. Idan ya haɗu da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu har zobe ya matse yatsa, jijjiga na iya biyowa baya. Ba iska ba ce, kada a tsaya turare. Haka ma zubar jini, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci, ko ɗan ya daina motsi: asibiti nan take. Kowa ya san cunkoson titin Legas, saboda haka maigida ya tanadi kuɗin mota da lambar direba tun ciki yana wata bakwai. Lambar gaggawa 112 ce ko 767.

Magunguna

Ƙwayar ƙarin jini kullum ake sha. Bayan gida zai yi baƙi, kada ki tsorata. Kada ki haɗiye ta da shayi, yana hana ta aiki sosai. Fansidar, mai kare ki daga zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku ce lokaci guda, sau ɗaya a wata, daga mako na 13. Ki kwana cikin gidan sauro. Jiƙo da maganin 'yan talla, bar su.

Abinci

Wake, zogale, hanta, kifi, ƙwai.

Aikin gida: karanta 25/11 da 04/06.