Yadda Za Ka Bi Diddigin Matsayin Gidanku a Dokokin Ghana

Yawancin matasan Aboabo da Asawasi, unguwanni a Kumasi, da ke cin karo da tambayar "daga ina kakanka ya zo?" a wurin neman katin ɗan ƙasa ko fasfo suna amsawa da cewa a Kumasi aka haife su, suna ganin magana ta ƙare. Sai dai dokar zama ɗan ƙasa ta Ghana ba ta tsaya a kan wurin haihuwa kaɗai ba. Ta sha canzawa tun daga 1957, kuma kowane mutum da ke cikin zuriyarku ana auna shi ne da ƙa'idar zamanin da aka haife shi.

Ka fara da zama da dattawan gida, musamman tsofaffin mata, domin su ne suka fi riƙe wanda ya haifi wane da garin da aka yi sunansa. Ka rubuta sunan mahaifinka da mahaifiyarka da kakanninka huɗu, da shekara da garin haihuwar kowannensu. Idan ba a san shekarar ba, ka nemi a danganta ta da wani abu da kowa ya sani, kamar ranar samun 'yancin kai ko shekarar korar baƙi. Kada ka yi sakaci da ɓangaren uwa. Fatake da yawa da suka biyo hanyar goro ta Salaga sun auri matan ƙasa, kuma sau da yawa wannan kakar ce take warware matsalar gida gaba ɗaya.

Daga nan sai ka ɗora waɗannan shekaru a kan Dokar Zama Ɗan Ƙasa ta 2000, wadda ta raba mutane bisa ranakun haihuwa. Wanda aka haifa a Ghana kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne idan an haifi ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa a ƙasar. Ƙa'idar ta sake sauyawa a ranar 22 ga Agusta 1969, sannan a 24 ga Satumba 1979, daidai da sababbin kundin tsarin mulki. Wanda kuwa aka haifa daga 7 ga Janairu 1993, ko a cikin ƙasa ko a waje, ya isar masa a ce ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne. Saboda haka ka faro daga wanda ya fi tsufa ka gangaro zuwa kanka, domin matsayinsa ne yake saukowa kan 'ya'ya da jikoki.

Akwai shekarun da ya kamata ka bincika da natsuwa, don a cikinsu ne takardun gidaje da yawa suka salwanta. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta fitar da Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan Zangon Kumasi, zuwa Nijeriya, har majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu alhali suna gaban kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. An yi Dokar Baƙi a 1963, amma ba a tsananta aiki da ita ba sai ranar 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane sun sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, kuma cikin waɗanda suka tafi har da waɗanda ba su taɓa ganin wata ƙasa ba. Wasunsu sun haihu a Kano ko Legas, suka dawo bayan Nijeriya ta yi tata korar a 1983. Idan mahaifinka yana cikin waɗanda aka haifa a can, wannan bai isa ya yanke hukunci ba, sai an duba matsayin iyayensa a ranar haihuwarsa.

Ka tattara duk abin da ya rage na shaida: tsohon fasfo, takardar fili, katin awon jarirai, rajistar makaranta, rasidin haraji. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa tana da reshe a Kumasi, kuma ziyartarta ba asara ba ce. Takardar haihuwa ita kaɗai ba za ta wadatar ba, domin tana nuna inda aka haife ka ne, ba ta tabbatar da asalin iyayenka.

Idan binciken ya nuna ba ku da kakan da ya cika sharaɗi, kada ka ƙirƙiri wani, domin ƙaryar da aka rantse a kanta laifi ce da ke iya bin 'ya'yanka. Hanyar doka a buɗe take. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shigowa ba biza na kwana 90 kawai, bayan haka sai izinin zama daga Hukumar Shige da Fice a ƙarƙashin dokarta ta 2000. Wanda ya daɗe yana zaune da izini yana iya neman zama ɗan ƙasa ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, inda ake duba shekarun zamansa da halinsa da kuma jin wani harshen ƙasar. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 1996 an halatta riƙe ƙasa biyu, ko da yake akwai manyan muƙamai da mai ƙasa biyu ba zai riƙe ba. Kafin ka miƙa kowace takarda, ka kai jerin sunayen da shekarun ga lauya ya duba, musamman idan wani cikin iyayenka an haife shi tsakanin 1957 da 1969, domin sharuɗɗan waɗannan shekarun sun fi sauran sarƙaƙiya.