Yadda ake zaɓar fedar obadiraib da za ta dace da amfilifayar jitarka

Fedar da na fara saya, wato 'yar na'urar nan da ake jonawa tsakanin jita da amfilifaya (akwatin da ke ɗaga muryar jita) a taka ta da ƙafa don canza murya, a bidiyo na ji ta. Wani Bature ne ya taka ta, jitarsa ta ɗauki wata murya mai kauri da ɗan kaushi, na ce lallai wannan ce. Na tura kuɗi Legas, aka sako ta a mota har Katsina, na ɗauko ta daga tasha ina ta rawar jiki. Da na jona ta da 'yar amfilifayata a ɗakina na Ƙofar Ƙaura, abin da ya fito ya fi kama da ƙudan zuma a cikin gwangwani. Fedar lafiyarta lau. Ni ne na yi cinikin biri a sama, domin na ji ta a kan amfilifayar wani, na manta cewa a kan tawa za ta zauna.

Aikin fedar obadiraib shi ne ta kwaikwayi abin da ke faruwa idan aka ƙure wa amfilifaya mai bawul murya. Bawul su ne kwalaben nan masu ja idan sun yi zafi, irin na tsohuwar rediyo. In sautin da ke shiga ya fi ƙarfinsu, sai su daddatse kawunansa a hankali, daga nan kaushin yake fitowa, kuma sautin ya daɗe bai mutu ba. Feda tana yin wannan datsewar da wasu ƙananan sassan lantarki da ake kira diyod a cikinta, ba sai ka tashi unguwa da ƙara ba. Tana da 'yan'uwa biyu da ake yawan rikita su da ita. Distoshan, irin Boss DS-1 da ProCo RAT, datsewarta ta fi tsanani. Faz kuwa, irin Fuzz Face ta 1966, ragargaza sautin take yi gaba ɗaya. Obadiraib ce mai sauƙin hali a cikinsu: in ka kaɗa tsirkiya a hankali ta yi laushi, in ka doke ta ta yi gurnani. Kunnen da ya saba da algaita da kakaki ba baƙon kaushi ba ne, kuma tun da kiɗan jitar Abzinawa irin na Bombino da Mdou Moctar ya shigo mana ta Maraɗi da Damagaram, samari da yawa a Katsina da Daura wannan muryar suke nema.

Mataki na 1: Fara da amfilifayarka

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ka duba kowace feda, jona jitarka kai tsaye, ka sa abubuwan murɗawa na Bass (kaurin ƙasa) da Middle (tsakiyar murya) da Treble (tsinin sama) duk a rabi, ka ɗaga murya daidai yadda kake yi a wurin wasa, ka saurara. Muryar siririya ce mai tsini? Ko mai kauri ce da ke cushewa? Ko kuwa akwai ƙasa da sama amma tsakiyar wayam? Abin da ka ji a nan shi ne zai zaɓa maka feda, domin feda ƙari take yi a kan abin da ta tarar. Amfilifaya mai tsini in ka haɗa ta da feda mai tsini, kunnen jama'a ne zai biya.

Sai ka san ko wace iri ce. In mai bawul ce, to kana cikin 'yan ƙalilan a garin nan, kuma feda za ta iya yi maka aiki biyu: ta ba da nata kaushin, ko ta tura bawul ɗin su fitar da nasu. Yawancinmu masu taransista muke da su, wato waɗanda ƙananan sassan lantarki suka maye gurbin bawul a cikinsu. Ba abin kunya ba ne, Roland JC-120 da ta fito a 1975 mai taransista ce, kuma manyan makaɗa na amfani da ita har yau. Sai dai taransista in an matsa mata ba ta karyewa da daɗi kamar bawul, don haka duk kaushin daga feda zai fito. Kenan feda kake nema wadda muryarta ta ƙoshi ita kaɗai. Girman sifika ma yana da tasiri. Mai inci 6 ko 8 ba za ta taɓa ba ka kaurin mai inci 12 ba, ko wace feda ka sa mata.

Akwai kuma waɗanda ba su da amfilifayar jita sam, a wurin biki miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka ta tura wa manyan sifiku, ake ba su su jona. Nan ne aka fi shan kunya. Sifikar jita ba ta fitar da sautin da ya wuce wajen Hz 5,000 sosai (Hz ma'aunin tsinin sauti ne), ita ce ke tace ƙaiƙayin da ke saman kaushin. Manyan sifikun biki kuwa komai suke fitarwa, shi ya sa obadiraib kai tsaye a miksa take zama tsatsa. In haka kake aiki, nemi feda mai kwaikwayon amfilifaya da sifika a haɗe, irin SansAmp ta kamfanin Tech 21 ko Joyo American Sound mai sauƙin kuɗi. Ko kuma ka tafi da 'yar amfilifayarka, a kafa mata makirfo a gaba.

Mataki na 2: Duba jitar

Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, masu ɗauko sautinsu, iri biyu ne. Siririn mai layi ɗaya, irin na Fender Stratocaster, muryarsa garau ce amma ba nauyi, kuma yana jawo gunjin wuta. Mai layi biyu, irin na Gibson Les Paul, ya fi ƙarfi da duhu, gunjinsa kaɗan ne. Mai layi ɗaya yana son feda mai cika tsakiya, mai layi biyu yana son wadda za ta buɗe masa sama.

Mataki na 3: San gidajen fedar

Sunaye sun yi yawa a kasuwa, amma yawancinsu daga gidaje uku ko huɗu suka fito, sauran kwafi ne da ɗan gyara.

Babban gida shi ne na Ibanez Tube Screamer, koriyar nan. Samfurinta TS808 ta fito a 1979, TS9 ta biyo ta a farkon shekarun 1980. Halinta shi ne ta rage kaurin ƙasa, ta ɗaga tsakiya wajen Hz 720. In kana kaɗawa kai kaɗai a ɗaki za ka iya jin kamar ta matse maka murya, kamar mai magana ta hanci. Kada wannan ya rude ka. A wurin biki, inda fiyano ya cika ko'ina, ganguna na dukan ƙirji, mawaƙi na kan makirfo, wannan tsakiyar ce ke sa a ji jitarka daga bayan rumfa. Ita makaɗin jitar nan na Amurka, Stevie Ray Vaughan, ya riƙa haɗawa da Stratocaster da amfilifayun Fender, waɗanda tsakiyarsu ba ta da yawa, sai ta cike gurbin. In taka amfilifayar tsakiya ta riga ta yi mata yawa, kamar yawancin ƙananan nan, to sai ta ƙara cushe ta.

Boss SD-1, ruwan ɗorawa, ta 1981, 'yar'uwar Tube Screamer ce ta kusa, kuma ita ta gaji OD-1 ta 1977. Bambancinta, ba ta datse sama da ƙasan sautin daidai wa daida, shi ya sa kaushinta ya ɗan fi cizo. In wani ya ce min kuɗin feda ɗaya kawai yake da su kuma zai riƙa yawon biki da ita a bayan babur, ita nake nuna masa. Jikinta ƙarfe ne, tana jure taku da faɗuwa.

Boss BD-2 Blues Driver, shuɗiya, ta 1995, ba ta taɓa kaurin ƙasa kamar waɗancan, kuma samanta a buɗe yake. Tana bin hannun mai kaɗawa ƙwarai. A kan amfilifaya mai taransista mai duhun murya, ko jita mai maganaɗisu layi biyu, tana da daɗi. A kan mai tsini kuwa sai ka yi ta rage Tone, abin murɗawa na tsinin murya, har ka gaji.

Sai gidan Klon Centaur, wadda Bill Finnegan ya fara haɗawa da hannu a Amurka a 1994. Dabararta ita ce tana gauraya tsabtataccen sautin jitarka da mai kaushin, don haka kamar ba ta canza maka murya ba, ƙiba kawai ta ƙara mata. Ta asali yanzu dubban daloli ake sayar da ita ta hannu, abin da ni dai nake gani hauka ne. Electro-Harmonix Soul Food a kan tsarinta aka yi ta, kuma talaka zai iya kai wa gare ta.

Batun kwafi kuwa, Behringer TO800 da Joyo Vintage Overdrive da Mooer Green Mile duk tsarin Tube Screamer ne. A murya ba su yi nisa da ita ba. Inda ake rage kuɗin shi ne jiki, da maɓallin taku, da ramukan jak, wato inda ake soka kan waya. Ta Behringer jikin roba gare ta, don haka ta fi dacewa da situdiyo da ɗaki.

Mataki na 4: Gwada ta a kan kayanka

An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ke korar gani. In za ka Sabon Gari a Kano, ɗauki jitarka ka tafi da ita, in da hali har da amfilifayar. In wajen wani makaɗi za ka saya a nan gari, roƙe shi ya zo da ita ɗakinka. Mai shago zai so ya jona maka ita da babbar amfilifayar da ya ajiye don talla. Ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, a kan tawa nake so in ji ta." Wanda ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba.

Ga yadda nake gwadawa. Ina barin amfilifaya a tsabtatacciyar muryarta. Abubuwan murɗawa uku ne a yawancin fedoji, Drive na yawan kaushi da Tone na tsini da Level na ƙara, kuma da fuskar agogo ake kwatanta su. Ina sa Drive a ƙarfe tara, Tone a sha biyu, sannan in murɗa Level har ƙarar ta zo ɗaya ko na taka ko ban taka ba. Wannan daidaitawar ita ce mutane ke tsallakewa, alhali kunne kullum abin da ya fi ƙara yake ɗauka a matsayin mafi daɗi. Daga nan sai in kaɗa a hankali, in doka da ƙarfi, in ji ko ta bambanta su. Sai in kama tsirkiya shida gaba ɗaya: ana jin kowace, ko sun zama kunu? Sai in rage murya daga jikin jitar zuwa wajen lamba bakwai cikin goma. Feda mai kyau za ta washe ta koma kusan tsabtatacciya. A ƙarshe in ƙure Drive, in ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyi, in saurari yawan shuuu ɗin da ya rage.

In amfilifayarka mai bawul ce, gwada akasin haka ma: Drive can ƙasa, Level sama sosai. Da yawa daga masu Tube Screamer haka suke amfani da ita.

Kashe ta kuma ka saurara. Fedojin Boss da TS9 sauti yana ratsa wani ɗan sashe na cikinsu ko suna kashe, wanda ke hana murya dusashewa in wayarka doguwa ce, kamar ta wuce mita shida. Illarsa, in batir ya mutu, jitar ta yi shiru ɗungurungum. Masu rubutun True Bypass kuwa ko ba wuta sauti zai wuce.

Mataki na 5: Wuta

Nan na ƙona feda ɗaya, don haka zan ɗan daɗe. Kusan duk fedojin nan bolt 9 suke ci, kuma tsinken tsakiyar ramin adaftar shi ne mai alamar ragi. Adaftar fiyano da ta dikoda da ta na'urar intanet yawanci bolt 12 ne, tsakiyarsu kuma alamar tarawa ce, wato a juye. Abin haushin, bakinsu yakan shiga ramin fedar daram. A wani biki a Daura na manta tawa, yaron da ke kula da wayoyi ya miƙo min wata ya ce, "Yaya, ga wannan, duk ɗaya ne." Ban duba ba na soka. Warin ƙuna ne ya sanar da ni. Karanta zanen da ke jikin adafta da na jikin feda kafin su haɗu, kowane lokaci.

Obadiraib ba ta da cin wuta, yawancinsu 'yan miliyam kaɗan ne, don haka batir mai bolt 9 yana daɗewa. Ni ma na fi son batir a wurin da ake aiki da janareto, domin adafta mai arha tana shigo da gunji, feda kuma ta ninka shi, balle in maganaɗisunka mai layi ɗaya ne. Sai dai ka tuna, muddin jak yana cikin ramin shiga, batir yana zuba ko fedar a kashe take. Zare shi in ka gama.

Mataki na 6: In ta hannu ce

Buɗe gidan batir ka duba ko tsohon batir ya taɓa zubewa ya bar farin gishiri a wayoyin. Taka maɓallin sau ashirin a jere, ya kama kowane taku. Girgiza jak a raminsa kana kaɗawa, ka ji ko sauti yana yankewa. Murɗa kowane abin murɗawa daga farko zuwa ƙarshe. Ƙarar ƙyas-ƙyas yawanci ƙura ce, mai gyaran rediyo zai wanke ta da feshin da suke amfani da shi, don haka dalilin neman ragi ce kawai. Amma maɓallin da ke kamawa yau ya ƙi gobe, bar shi. Duba rubutun jiki da takardar ƙasa ma, domin akwai jabun manyan sunaye, kuma farashin da ya faɗi ƙasa da hankali shi ne alamar farko.

In ta zama taka, samo mata jaka ko ko da tsohuwar safa ce mai kauri. Ƙurar hunturun Katsina ta cikin ramukan jak take shiga, kuma kada ka bar ta a but ɗin mota a rana cikin watan Afrilu da batir a cikinta.