Yadda ake dasa cerin yashi a gida, da yadda ake hana ruwa kashe shi

Wannan bayani na 'yan uwanmu ne da zama ya kai arewacin Amurka da Kanada, suka samu gida mai ɗan fili, suna neman abin dasawa wanda hunturun can ba zai hallaka ba. Cerin yashi, wanda a shagunan shuke-shuke za ka tarar an rubuta masa sand cherry, yana cikin 'yan kaɗan ɗin da nake ba da shawararsu ba tare da ɗar-ɗar ba. Itace ne gajere mai fitar da rassa da yawa tun daga gindi, kamar sabara. Asalinsa tudun rairayin bakin manyan tafkuna irin su Tafkin Michigan, da kuma filayen ciyawa na Nebraska da jihohin Dakota. Yana jure sanyin da ya kai digiri 35 ƙasa da sifili, yana jure fari da iska. Abin da ba ya jurewa shi ne saiwarsa ta kwana cikin ruwa, kuma ta nan ne yawancin waɗanda na gani suka mutu a hannun mutanenmu.

Mai karatu daga Kano ko Maraɗi, kada ka sa a aiko maka da irinsa. Sai ya yi makonni masu yawa yana barci cikin sanyi mai tsanani kafin ya yi fure, sanyinmu na Disamba da Janairu kuwa bai kai ko kusa ba.

Mataki na 1: San wanda kake saye

Iri biyu ne ke yawo da wannan suna, kuma masu shago ba kullum suke bambanta maka ba. Karanta sunan Latin da ke jikin takardar.

Idan ka ga Prunus × cistena, wannan mai jan ganye ne, ja mai duhu da ke ɗaukar ido tun daga titi. Haɗin iri biyu ne da Niels Hansen ya fitar a Dakota ta Kudu a 1910. Yakan kai mita 2 zuwa 3, yana fure fari mai ratsin hoda a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, amma 'ya'yansa kaɗan ne. Na ado ne kawai, kuma ba ya tsawon rai: shekara 10 zuwa 15 ne abin da akan samu.

Idan ka ga Prunus besseyi ko Prunus pumila, wannan shi ne na asali, mai koren ganye da ke komawa ja a kaka. Tsayinsa mita ɗaya zuwa biyu, yana cika da fararen furanni, yana ba da 'ya'ya baƙaƙe masu zurfin shuɗi a Yuli da Agusta. Akwai wani nau'insa da ake kira Pawnee Buttes, daga Kolorado, wanda ba ya wuce gwiwa, sai dai ya bazu a ƙasa ya rufe gangare.

Ni dai na asalin nake cewa a saya. Ya fi ƙarfin jiki, ƙudan zuma na sonsa, ga abin ci a kai. In 'ya'ya kake so, sayi biyu ko uku, kada ka sayi ɗaya, domin sun fi ɗaukar 'ya'ya idan ƙwari suna kai garin fure daga wannan zuwa wancan.

Batun kuɗi: babba a cikin tukunyar roba tsada gare shi, kuma bai fi ƙarami kamawa ba. A jihohi da yawa hukumomin kula da ƙasa da ruwa na gunduma sukan sayar da ƙananan dashe marasa ƙasa a saiwa, ɗauri-ɗauri, da araha ƙwarai. Ana yin oda tun cikin hunturu, a karɓa a Afrilu ko Mayu. Ku haɗu ku uku ku raba ɗauri guda. Cikin shekara biyu zuwa uku sun fara 'ya'ya.

Mataki na 2: Wuri da ƙasa

A nan ake cin nasara ko a faɗi, saboda haka zan ja zancen.

Rana tukuna. Wurin ya samu aƙalla awa 6 na hasken rana kai tsaye. Mai jan ganye idan aka sa shi a inuwa sai jan ya dusashe ya koma kore-kore, rassan su yi tsawo su yi siriri. Gindin katangar da ke fuskantar arewa ba wurinsa ba ne.

Sai ƙasa. Mu da muka tashi a ƙasar fari, hannunmu ya saba da wata hanya ta dasa itace: a haƙa rami mai zurfi, a cika shi da taki, a bar kwari a gindi don ruwa ya taru, a riƙa ba da ruwa safe da yamma. Wannan hanya ita ke raya mangwaro da gwaiba a jigawa, inda ƙasa ke shanye ruwa kafin ka juya baya. A Minnesota ko Ohio ko Ontario kuwa, gidaje da yawa a kan laka suke, musamman sababbin unguwanni inda manyan motocin gini suka daddanne ƙasar sannan aka shimfiɗa ciyawa a kai. Ramin da ka haƙa a irin wannan ƙasa ba ya sakin ruwa. Ƙanƙara ta narke a Maris da Afrilu, ruwan sama ya biyo baya, kai ma ka zo da tiyo ka ƙara. Saiwa na bukatar iska, idan ta rasa sai ta ruɓe.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne alamar ruɓewar saiwa da alamar ƙishi iri ɗaya ce. Ganye ya yi yaushi, ya yi ɗorawa, ya fara zuba. Mai shi ya ga haka, tausayi ya kama shi, ya ƙara ruwa. Na ga wannan a gidajen mutane masu son shuka da gaske, waɗanda kulawarsu ce ta yi yawa.

Don haka kafin ka sayi komai, gwada wurin. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse. Sake cikawa, ka sa sanda ka auna. Idan ruwan yana sauka kamar santimita 2 zuwa 3 a awa ko fiye, wurin ya yi. Idan ka kwana ka tashi ka tarar da ruwa a ramin, kada ka dasa a nan yadda yake. Ko dai ka canza wuri, ko ka ɗaga ƙasa: ka tara tudu mai tsayin santimita 25 zuwa 30, faɗinsa mita ɗaya da rabi, ka dasa a samansa.

Kada ka ce tunda sunansa na yashi ne bari ka sayo buhun yashi biyu ka zuba a ramin laka. Yashi kaɗan cikin laka ƙara mata tauri yake yi, kuma ramin da aka cika da ƙasa mai laushi a tsakiyar laka ruwan kewaye ma cikinsa yake gangarowa. Mayar da ƙasar da ka haƙo, ka farfasa ta sosai, shi ke nan.

Ka kuma ɗaga kai ka duba inda indararon rufin gidanka ke zubar da ruwa, ka nisance shi. Haka inda na'urar fesa wa ciyawa ruwa ke kaiwa kullum da asuba, da bakin hanyar mota inda ake tara dusar ƙanƙara mai gishiri. A Amurka, kira 811 kwanaki kaɗan kafin ka haƙa, kyauta ne, za su zo su yi maka alamar inda bututun gas da wayoyi suke.

Mataki na 3: Dasawa

Lokaci mafi kyau shi ne da zarar ƙasa ta saki daga ƙanƙara, kafin ganye ya buɗe. Na cikin tukunya ana iya dasa shi a Satumba ma, amma a wurare masu tsananin sanyi na fi son a yi da wuri a shekara.

Ramin ya zama mai faɗi, ninki biyu ko uku na curin saiwar, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin curin. Kafin ka sa, share ƙasar saman tukunyar da yatsa har ka ga inda saiwar farko ta fita daga jikin itacen. Sau da yawa masu raino sun binne wannan wuri. Shi ne zai zauna daidai da fuskar ƙasa, a laka ma ya ɗan ɗara ta da yatsa biyu. Idan saiwoyi sun nannaɗe suna zagaya tukunyar, warware su, waɗanda suka ƙi ka yanke da wuƙa. Kada ka ji tsoro, sabbi za su fito. Marar ƙasa a saiwa kuma, jiƙa shi a bokiti na awa biyu zuwa uku, ka baza saiwar a kan ɗan tudu cikin ramin.

Cika ramin, danna da hannu, ba da ƙafa ba, ka ba shi ruwa bokiti biyu a hankali. Tazara tsakaninsu mita ɗaya da rabi, mai jan ganye kuma mita biyu. Zai yi kama da fili ya yi yawa, amma iska da ke ratsa tsakani ita ke rage cutar ganye.

Shimfiɗa guntayen itace kaurin santimita 5 zuwa 8 a kewaye, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da gindin. Tulin da kake gani masu aikin lambu suna jingina wa gindin bishiya a bakin manyan shaguna, kada ka kwaikwaya. Yana jiƙa ɓawo, yana ba ɓeraye mafaka. Wannan da'irar kuma tana hana injin yankan ciyawa kusantar gindin, domin raunin da yake yi wa ɓawo shi ne ƙofar tsutsa mai huda itace.

Mataki na 4: Ruwa da taki

Makonni biyu na farko, ruwa duk bayan kwana biyu ko uku. Daga nan sau ɗaya a mako, mai yawa, har ƙarshen shekarar farko. Kafin kowane ban-ruwa tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. In da danshi, ajiye tiyon. Daga shekara ta biyu ba ya bukatarka sai an yi makonni ba ruwan sama.

Taki kuwa, shekarar farko babu. Bayan haka shebur ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki a saman ƙasa cikin Afrilu ya isa. Takin zamani na ciyawa yana sa shi fitar da toho mai laushi da ƙwari ke so, wanda aka haɗa da maganin kashe ciyayi kuma yana murɗe masa ganye. Bayan Yuli kada ka sa komai.

Mataki na 5: Hunturu

Sanyi ba ya kashe shi, zomaye ne ke yi. Idan dusar ƙanƙara ta rufe komai, zomo da ɓeran daji sukan ci ɓawon gindi su zagaye shi, reshen da aka zagaye kuwa ya tafi. A Oktoba ko farkon Nuwamba kewaye kowanne da ragar waya mai ƙananan idanu, ka nutsa gindinta cikin ƙasa kaɗan. Tsayinta ya ɗara inda dusar ke kaiwa da rabin mita, saboda zomo a kan dusar yake tsayawa. Inda barewa ke shigowa unguwa, ragar sai ta fi haka tsayi. Idan an riga an ci, yanke reshen daga ƙasa. Na asali yakan sake tohowa daga saiwa.

Mataki na 6: Datsa da cututtuka

Furen bana a kan reshen bara yake fitowa. Mai jan ganye a datse shi da zarar fure ya zube. Na 'ya'ya kuma a ƙarshen hunturu, daga shekara ta uku ko ta huɗu: cire kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin rassa daga can ƙasa, ka bar matasa. Ba a datsa a kaka, ba a datsa ranar ruwa, kuma don Allah kada a aske shi ya zama dunƙule. Idan mai jan ganyenka ɗan aure ne, ka ga toho mai koren ganye yana fitowa daga gindi, cire shi nan take.

Ƙwaron Japan, mai ƙyallin kore da jan ƙarfe, yana zuwa daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, ya cinye ganye ya bar jijiyoyi. Da sassafe ba ya iya tashi da sauri, sai ka kakkaɓe shi cikin bokitin ruwan sabulu. Tarkonsa da ake sayarwa ƙwaron unguwa duka yake jawo maka, kada ka saya. Baƙin kumburi mai kaushi a jikin reshe cutar naman gwari ce: yanke santimita 15 ƙasa da shi a hunturu, ka goge almakashin da barasar asibiti, reshen ya tafi shara. Ƙaro mai garin itace a gindi alamar tsutsa ce a ciki.

Mataki na 7: 'Ya'ya da ƙarin iri

Bari su yi baƙi sosai su yi laushi kafin ka tsinka, in ba haka ba bauri zai hana ka ci. Wani gindin ya fi wani zaƙi. Tsuntsaye za su riga ka in ba ka rufe da raga ba. Sun fi daɗi a dafa da sukari a yi jam ko a tace a sha. Ƙwallon ba a tauna shi, ba a niƙa shi, akwai guba a cikinsa, haka ma ganyen, musamman wanda ya yi yaushi, saboda haka a kula da yara da dabbobi.

Don ƙarin iri, mafi sauƙi shi ne ka sare tohon da ya fito daga saiwa tare da 'yar saiwarsa a Afrilu ka dasa. Ko ka kwantar da reshe na ƙasa ka binne tsakiyarsa, ka danne da dutse, baɗi ka yanke. Ƙwallo kuma sai ya yi wata uku zuwa huɗu a firji cikin yashi mai danshi, ko ka shuka shi a waje cikin Oktoba ka rufe wurin da ragar waya saboda kurege.