Yadda ake gane ko lobsta na ƙaruwa ko raguwa a gaɓar teku

Kusan duk sabon shiga da na gani a wannan aiki na ƙidayar lobsta, wuri ɗaya yake fara nufa, wato bakin tasha inda jirage ke sauke kaya. Ya tsaya ya ga akwatuna maƙil da lobsta ana ɗora su a sikeli, ya karɓi alƙaluman shekara daga dillalai, ya koma ya rubuta cewa ruwa na da albarka. Ni ma da haka na fara. Amma lobstan da ke kan sikeli yau ƙwai ne da aka ƙyanƙyashe shekara biyar zuwa takwas da suka wuce, saboda haka labarin da yake ba ka tsohon labari ne. Halin da ruwan yake ciki bana, sai ka shiga jirgi.

Ga wanda bai taɓa ganin sa ba, lobsta babban yayan jatan lande ne, mai ɓawo mai tauri da manyan hannuwa biyu kamar na ƙaguwa. Abin da zan bayyana a nan ya shafi irin na gaɓar Atlantika ta arewa maso gabashin Amurka, musamman jihar Maine, inda aka fi ko'ina kama shi a ƙasar. Da tarko ake kama shi, wani akwatin waya mai ƙofar raga da ake sa wa koto a ciki, dabararsa ɗaya da gurar masuntanmu.

Mataki na farko: shata iyakar ruwan da kake magana a kai

Kada ka haɗa gaɓa duka ka yi mata hukunci ɗaya. A 1999 lobsta ya yi mutuwar farat ɗaya a mashigin Long Island da ke kusa da New York, kuma tun daga lokacin kudancin yankin New England, wato jihohin arewa maso gabashin Amurka, bai farfaɗo ba. A waɗannan shekarun ne kuma kamun Maine, da ke arewa, ya yi ta hawa, har ya kai kusan tan dubu 60 a 2016, adadin da ba a taɓa samu ba. Wanda ya tara alƙaluman biyu wuri ɗaya zai ga jimilla tana tashi, ba zai san kudu ta durƙushe ba. Shi ya sa hukumar kula da kamun kifi ta ASMFC, wadda jihohin gaɓar Atlantika suka haɗu suka kafa, take auna arewa daban, kudu daban. Kai ma ka raba ruwanka gida-gida bisa zurfi da irin ƙasan teku, ko dutse ne ko yashi ko taɓo, tun kafin ka taɓa lobsta ko ɗaya.

Mataki na biyu: shiga jirgi, ka auna duk abin da ya fito

Kayan aikin ba su da yawa: ma'aunin ƙarfe mai zamewa da ke nuna milimita, safar hannu mai kauri, takardar da ruwa ba ya ɓata ta, fensir, da ƙaramar na'urar naɗar murya. Biro ba ya aiki a jiƙe, ka bar shi a gida. Ma'auni mai batir kuwa kuɗinka za ka zubar, ruwan gishiri zai kashe shi tun kaka ba ta yi nisa ba. Na ƙarfe zalla ka saya, ka riƙa wanke shi da ruwan daɗi kowace yamma. Naɗar murya ita ce ta fi muhimmanci, domin hannuwanka biyu suna kan lobsta, mai jirgi kuma ba zai jira ka gama rubutu ba. Faɗi kake yi, ka kwafe a takarda da daddare.

Kafin a kunna inji, ka roƙi mai jirgi abu ɗaya: duk wanda za a mayar ruwa ya fara bi ta hannunka. Yaron jirgi ya saba, da ya ga ƙarami sai ya wurga shi teku ko kallo na biyu bai yi masa ba. Waɗannan da ake wurgarwa su ne rabin aikinka, ko ma fiye. Ajiye bokiti kusa da shi ya riƙa zuba maka.

Ba tsawon jiki duka ake aunawa ba. Kafa baki ɗaya na ma'auni a bayan ramin ido, ka ja ɗayan zuwa ƙarshen ɓawon baya inda wutsiya ta fara, a miƙe daidai da tsakiyar baya. Sababbi suna kafawa a kan tsinin goshi, wanda yakan karye ko ya cinye, sai awon ya fito da ƙarin milimita goma ko fiye. A dokar Maine, wanda bai kai inci 3¼ ba, kusan milimita 83, ruwa zai koma. Wanda ya wuce inci 5, wato milimita 127, shi ma ruwa zai koma, don manyan nan su ne iri.

Sai ka kifar da shi ka duba ƙananan ƙafafu biyu na farko a ƙarƙashin wutsiya. Na namiji masu tauri ne kamar ƙashi, na mace masu laushi ne kamar gashin tsuntsu. In mace ce, duba ƙwai. Tana ɗauke da su manne a ƙarƙashin wutsiya wata tara zuwa goma sha biyu. Sababbin ƙwai kore ne mai duhu kamar baƙi. In sun nuna sai su koma ruwan ƙasa, ka ga ɗigon ido a cikin kowane. Rubuta wanne ka gani. Sannan ka buɗe fiffiken wutsiya, ka duba wanda ke dab da na tsakiya ta hannun dama. In ka ga an yanke masa ɗan tsagi mai siffar V, wani masunci ya taɓa kama ta da ƙwai ya yi mata shaida, kuma haramun ne a sayar da ita ko da yau ba ta ɗauke da komai. Yawan mata masu ƙwai da masu wannan tsagi shi ne madubin jarin da ya rage a ruwa.

Abu biyu suka saura. Matsa gefen ɓawo da ɗan yatsa ka ji ko mai tauri ne ko sabon saɓa. Sannan ka duba ciwon ɓawo, wasu ramuka baƙaƙe da ke cin bayan kamar tsatsa ta ci kwano. Wannan ciwo ya addabi ruwan jihar Rhode Island da ke kudu tun ƙarshen shekarun 1990, kuma mata masu ƙwai ya fi kamawa, don su suna daɗewa ba su yi saɓa ba. Kada ka rubuta "akwai" ko "babu" kawai. Kasa shi huɗu: babu, kaɗan, matsakaici, mai tsanani.

Mataki na uku: ƙirga wahalar da aka sha kafin a kama

A nan na faɗi, kuma a nan nake ganin kowa yana faɗuwa, don haka zan ɗan jima.

A kakar aikina ta farko na bi jirgi ɗaya a watan Yuni, na sake bin sa a Agusta. Na raba yawan lobsta da yawan tarkon da aka ɗago, na ga na Agusta ya ninka na Yuni nesa ba kusa ba. Na rubuta da murna cewa lobsta ya ƙaru a yankin. Wata da ta riga ni shekaru a aikin ta karanta, ta ɗago kai ta ce, "Kwana nawa kowane tarko ya yi a ruwa?" Babu wannan gurbi a takardata. Ta ce, "A wuri ɗaya aka kafa su duka wata biyun?" Shi ma ban rubuta ba. Mai jirgin bai ɓoye mini komai ba, ni ne ban tambaya ba. Awon dubban lobsta da na yi da hannuna ya zama ba a iya kwatanta shi da komai.

Abin da ya faru a ruwan kuwa mai sauƙi ne. Da tsakiyar bazara lobsta ke saɓa. Wanda jiya bai kai ma'auni ba, da ya tuɓe tsohon ɓawo sai tsawonsa ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari, ya shiga sahun na sayarwa. Yana fitowa daga maɓoyarsa da yunwa, ya afka wa koto. Kamun Agusta zai fi na Yuni ko da adadin da ke ƙasan teku bai canza ba. Saboda haka doka ta farko: Yuni da Yunin bara ake kwatantawa, Agusta da Agustan bara. Ko wannan ma ka yi hattara, don a 2012 ruwa ya yi ɗumi da wuri, saɓa ta zo makonni kafin lokacinta, kasuwa ta cika, farashi ya karye.

Kowane layin tarko ka rubuta masa kwanakin da ya yi a ruwa, zurfi, wurin da na'urar GPS ta nuna, da irin koton da aka sa. Tarkon da ya kwana shida ba ya kama ninkin na kwana uku. Koto yana ƙarewa, kuma babban lobsta in ya riga shiga yakan hana na baya. Masu bincike a Jami'ar New Hampshire sun ɗaura kyamara a kan tarko, suka ga kashi 94 cikin ɗari na waɗanda suka shiga sun ci sun fice abinsu. Abin da ka ɗago, waɗanda igiya ta ritsa da su a ciki ne kawai.

Akwai kuma wanda ya fi wannan haɗari. Masunci ba ya kafa tarko inda babu kaya. In wuri ya mutu sai ya matsa, ya bi lobsta zuwa ruwa mai zurfi, ya ƙara mai, ya sayi babban jirgi. Kamunsa na kowane tarko zai ci gaba da kyau alhali ruwan yana raguwa a bayansa. Haka ta faru da kifin kod a Newfoundland ta Kanada: manyan jirage suna ta cika har gab da 1992, shekarar da gwamnati ta rufe kamun gaba ɗaya, dubban mutane suka rasa sana'a. Duk lokacin da mai jirgi ya ce maka bana sai ya yi nisa kafin ya samu, rubuta wannan magana da muhimmanci ɗaya da awon da ka yi.

Mataki na huɗu: kafa naka tarkon inda ƙuri'a ta faɗa

Doka ta tilasta kowane tarkon kasuwa ya zama da 'yar taga da ƙanana za su fice. Wannan alheri ne ga lobsta, amma kai mai awo ya ɓoye maka yaran da kake nema. Maganinsa tarko marar taga, wanda sai da izinin hukuma ake kafa shi. Jihohin yankin sun fara wannan awo tare tun 2006. Ana zaɓar wurare ta ƙuri'a a zurfi uku, daga gaɓa zuwa mita 20, zuwa 40, zuwa 60, a bar tarko kwana uku, da koto iri ɗaya, a watanni iri ɗaya kowace shekara.

Mai jirgin da ka ɗauka haya zai ce maka wurin nan taɓo ne, babu komai, a matsa gaba kaɗan. Gaskiya yake faɗa, kuma don taimako yake yi. Ka gode masa, ka kafa a inda ƙuri'a ta ce. Tarkon da ya fito fayau shi ma sakamako ne, ka rubuta sifili. Hayar jirgi ita ce ke cinye kuɗin wannan mataki. In aljihu ya gaza, rage yawan wurare, amma kada ka taɓa sauya watanni ko koto.

A cikin abin da ya fito, ware masu milimita 71 zuwa 80. Saɓa ɗaya ta rage musu su shiga kasuwa, su ne kamun baɗi.

Mataki na biyar: nemi 'yan jarirai

Bayan ƙyanƙyasa, 'ya'yan suna yawo a saman ruwa makonni, sannan su sauka su ɓuya a cikin tsakuwa. Tun 1989 masanin nan Richard Wahle ya fara ƙirga su a gaɓar Maine: masu nutso su aza firam a kan tsakuwa, su zuƙe abin da ke ciki da bututu zuwa jakar raga, a ƙirga 'yan bana, waɗanda ba su kai kan ɗan yatsa ba. Inda nutso ba zai yiwu ba, akwatin waya cike da duwatsu ake saukarwa a ɗago shi da kaka. In ba ka da masu nutso, yi na akwatin. Wannan ƙidaya ita ce ke leƙa maka shekara biyar zuwa takwas a gaba.

Mataki na shida: zafin ruwa, sannan haɗa lissafi

Ɗaura ƙaramar na'urar auna zafi a cikin tarko, don zafin ƙasan teku kake so, na sama ba zai amfane ka ba. Ƙirga kwanakin da ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyos. Daga nan lobsta ke fara galabaita, kuma yawaitar irin waɗannan kwanaki na cikin abin da ya karya kudu.

Jera duka a takarda ɗaya, shekara-shekara: jarirai, masu milimita 71 zuwa 80, mata masu ƙwai, ciwon ɓawo, zafi, sannan kamun kasuwa a ƙarshe. Yi amfani da matsakaicin shekara uku, shekara ɗaya tak ba ta isa hukunci. Tun kafin sakamako ya fito ku amince da masunta a kan iyakar da in an faɗo ƙasa da ita za a ɗauki mataki. ASMFC ta sa tata a 2023: in masu shirin shiga kasuwa suka ragu da kashi 35 cikin ɗari idan aka kwatanta da matsakaicin 2016 zuwa 2018, za a ƙara girman ma'auni, wato mafi ƙarancin girman lobstan da doka ta yarda a sayar. A cikin shekarar aka ga raguwar ta kai kashi 39. Masuntan Maine suka ƙi amincewa, aka yi ta ɗage ƙarin, a 2025 aka janye shi. Kamun jihar na 2024 bai kai tan dubu 40 ba.

Idan ka gama rahoto, buga shafi ɗaya mai zane biyu ko uku, ka kai wa kowane mai jirgin da ya ɗauke ka, hannu da hannu, kafin ka tura wa ofis. Wanda ya ga inda awon jirginsa ya shiga, shi ne zai sake ajiye maka bokiti baɗi.