Kada ku zuba sifanu a akwati kamar tsakuwa

Jama'a, ku samu tsohon wandon jins ku kai wa tela. Ya yanke ƙafa ɗaya, ya buɗe ta, ya ɗinka ƙananan aljihuna a jere, ya sa igiya a gefe.

Kowace sifana da aljihunta, daga ƙarama zuwa babba: 8, 10, 12, 14, 17, 19. Ku rubuta lambar a bakin aljihun. Sai a naɗe kamar tabarma a ɗaure.

Kuna warwarewa za ku gane wadda ba ta dawo ba, tun kafin ku bar wurin gyara. Lamba 10 ce ta fi ɓata, ga shi ita ke kwance kan batir a yawancin motocin Japan. In kun shiga Panteka, kasuwar kayan gyara ta Kaduna, ku sayi biyu.

Guduma da sauran masu nauyi su zauna a ƙasan akwatin gareji. Naɗin kuwa, da filaya da sukundireba, shi ke bin ku hanyar Zariya ko Abuja, kuma ba ya yin ƙara a but ɗin mota.

Amma ku kula da damina. Yadin na riƙe danshi, ƙarfe ya yi tsatsa. Ku shafa wa sifanun ɗan man inji, in naɗin ya jiƙe a shanya shi kafin a mayar.