Yadda za ku taimaki yaranku su balaga lafiya, tun daga kwanon abinci

Iyaye da yawa sun ɗauka balaga a ƙasan jiki take farawa, alhali daga kai ne. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan waje, haifotalamas, shi ke sakin sinadarin GnRH, kuma ba a kwarare yake sakinsa ba, ɗis-ɗis ne lokaci bayan lokaci. Ɗigon nan shi ke tada fituwitari, wata 'yar gaɓa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ta zuba sinadaran LH da FSH cikin jini, su isa gidan ƙwan mace ko 'ya'yan marainan namiji, daga nan sai sinadarin mace, istirojin, ko na namiji, testosteron, su kama aiki, nono ya fara fitowa, murya ta buɗe.

Amma fa ƙwaƙwalwa ba ta buɗe ƙofar nan sai ta tabbatar jiki na da ajiya. Kitsen jiki na fitar da wani sinadari, leftin, a 1994 aka gano shi, shi ne ɗan aiken dake kai labari sama cewa akwai abinci. A 2003 kuma aka gane wani sinadari, kisfeftin, shi ne ke kunna GnRH ɗin, yaran da jikinsu bai jin saƙonsa ba sa balaga da kansu.

To abu na farko, ku ciyar da su sosai, ba cika ciki kawai ba, ƙwai, wake, kifi, nama, madara da ganye. Yarinyar da ta fara al'ada tana asarar jini duk wata, tana buƙatar sinadarin ayan, mai ƙara jini, fiye da da. Abin da ya fi damuna shi ne yarinya 'yar 14 da za ka ga tana tura abinci gefen faranti da cokali tana cewa ta ƙoshi, wai tana rage ƙiba, ga motsa jiki mai yawa, wallahi ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka yunwa ake, ta rage GnRH, al'ada ta ɗauke, ƙashi kuma ya yi rauni a daidai lokacin da ya kamata ya yi ƙwari. Ƙiba mai yawa ita ma matsala ce, tana sa 'yan mata balaga da wuri, don haka a rage lemon kwalba da kayan zaƙi.

Sai barci. A farkon balaga da daddare ne LH ke tashi, cikin barci, saboda haka a karɓe waya idan dare ya yi.

Sannan ku riƙa lura da lokaci. Mace tsakanin shekara 8 zuwa 13 take farawa, namiji 9 zuwa 14, al'ada kuma tana zuwa kamar shekara 2 zuwa 3 bayan nono ya fara tasowa. In alamu sun bayyana kafin 8 ga mace ko 9 ga namiji, ko ta kai 13 ba nono, ko 15 ba al'ada, ko shi ya kai 14 marainansa ba su ƙara girma ba, ko al'ada ta ɗauke wata 3, ku je asibiti. Don Allah kar a sayo maganin ƙara ƙiba ko na homon, wato irin sinadaran balagar nan, a ɗura wa yaro haka kawai. Ku rubuta tsayinsa da nauyinsa da watan da kuka fara ganin canjin, ku tafi da takardar, likita zai tambaya.