Yadda Ake Gano Sinadaran da ke Tasowa Saman Gam

Abin da ka auna ka zuba a tukunyar haɗi daban, abin da ke taɓa kwali ko kwalba daban. Mannewa a 'yan nanomitocin saman gam take faruwa (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), can kuwa sinadari mai ƙananan ƙwayoyi, ko mai raunin ƙarfin sama (wato ƙarfin da ƙwayoyin fuskar abu ke jan juna da shi), shi ke taruwa, kamar yadda mai ke tasowa kan miya.

Ɗauki gam ɗin salatif da ake narkawa da zafi: robar SIS (wadda aka haɗa daga sinadaran sitirin da isofirin) kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari, ƙaron danƙo 50 zuwa 55, mai 10 zuwa 15, sai kashi 1 na maganin hana lalacewa, a cakuɗa a zafin digiri 160 zuwa 170 na Salsiyas. Tun wajen zaɓen ƙaro ake yin kuskure. Nau'in ƙaron da ake kira C5 yana shiri da ɓangaren isofirin na robar, C9 kuwa ɓangaren sitirin yake bi. Wanda robar ta ƙi riƙewa, ko man da ya yi mata yawa, sama zai nufa.

Kada ka yarda da gwajin ranar farko, don tasowar a hankali take. Raba samfurin biyu, ɗaya a ɗaki, ɗaya a tanda mai digiri 70 har kwana 7. Manna kowanne a farantin ƙarfe mai tsabta, ka ɓare shi a kusurwar digiri 180, da gudun milimita 300 a minti. Sannan ka ɗaga farantin ka haska shi. In salatif ya ɗago salin-alin ya bar dusu-dusun maiƙo, ɓawon saman ne ya rabu, sai ka rage mai ko ka sauya ƙaro.

Silikon ya fi kowa ɓarna. Ƙarfin samansa wajen 20 ne a mN/m, ma'aunin ƙarfin sama, na polisitirin (ɓangaren sitirin na robar) kusan 40, shi ya sa ɗan kaɗan daga takardar bayan sitika mai shafen silikon da ba ta gasu sosai ba kan rufe fuskar gam. Ɗiga ruwa a fuskar gam: in ɗigon ya dunƙule fiye da na sabon samfuri, zargi silikon. In ya baje a gam ɗin akirilik na ruwa, sabulun haɗin ne ya taso lokacin bushewa.

Na'urar ATR-FTIR, mai gano sinadarai da hasken infrared, tana leƙa zurfin kusan maikuromita ɗaya zuwa biyu (maikuromita ɗaya nanomita dubu ne), don haka siririn ɓawo kan kuɓuce mata. Na'urar XPS, mai amfani da hasken X-ray tana karanta nanomita 10 na sama, ita za ka nema in kana son tabbaci.